Abin da Na Daka a Cikin Yajinki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifiyarki a nan Filingue, zuwa ga autata Salamatu a Yamai. Ina gaishe ki da gajiyar hanya da baƙunta. Ina fata kin sauka lafiya, an ba ki ɗaki a makaranta, kin dace da abokan zama na kirki. Babanki yana gaishe ki, yayyenki ma haka. Allah ya tsare ki a zaune da tsaye, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa karatun aikin noman da kika je nema ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san shekara biyu kacal na yi a ajin karatun manya, hannuna sai ka ce kaza ta yi tono. Da maganar yau da kullum ce da na kira ki ta salula. Amma wannan in na ji muryarki ba za ta fito ba, kuma ba irin wadda ake zama gaban wani a ce rubuta min ba ce.

Gwangwanin yajin da na sa miki a ƙasan jaka, kada ki ci shi. In kin riga kin fara, ki dakata. Akwai fara a ciki, busasshiya, ni na daka ta da hannuna har ta ɓace cikin ƙuli-ƙuli. Kuma ba wannan gwangwani kaɗai ba ne. Shekara ukun nan da kika yi kin bar nama da nono da ƙwai da zuma da fara, kina zaton bakinki bai taɓa abu mai rai ba, kusan kowane mako sai na zuba miki garin fara a miya ko a yaji. To, na faɗa. Ki daure ki karanta sauran ko da ranki ya ɓaci, in kin gama ki yanke min hukuncin da kika ga ya dace.

Kin san sana'ata tun kina goye. Shekara talatin ina fita gonaki da sassafe lokacin sanyi, sa'ad da raɓa ta jiƙa fara ta kasa tashi, in tsince ta a jikin kara in cika buhu. In na dawo gida in bar buhun a ɗaure a rana, ya kwana ɗaya, don cikinsu ya fita, washegari in zauna in fige fiffike da ƙafafun baya tun suna motsi, sannan in tura su tukunya. Haka na ga ana yi, haka na yi, ban taɓa tsayawa na dubi ɗaya a cikinsu ba.

Ke kika tsaya. Ranar kina taya ni figa a gindin darbejiya, kin dawo hutu daga lise, makarantarku ta sakandare. Sai na ga hannunki ya daina aiki, kin ƙura wa faifai ido. Wata fara ce da na cire wa ƙafa ɗaya, ta lanƙwasa tana shafa gurbin da ƙafar gaba, tana sakewa tana komawa.

Kika ce, “Inna, dubi nan. Wurin da kinka hizge shi take taɓawa.”

Na ce, “To mi? Hwara ce.”

Kika ce, “In ba ta ji, don mi take komawa wurin?”

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce fara halal ce, ko yanka ba ta buƙata, ki je ki tambayi duk malamin da kika ga dama. Kika ce ke ba ki ce haram ba ce, cewa kika yi tana jin ciwo. Kika wanke hannu kika shiga ɗaki. Daga wannan rana kika bar fara, kafin damina ta zagayo kin bar sauran.

Da a gindin darbejiyar na bar dariyata da da sauƙi. Sai na kwashe ta na kai kasuwa. Na ba matan rumfarmu labari, ina kwaikwayon muryarki, ina lanƙwasa yatsa kamar farar. A bakina aka fara kiran ki Uwar Ƙwari, sunan da ya bi ki har bakin famfo, har gidan biki. Na ga yadda kike sunkuyar da kai in an faɗa, na yi kamar ban gani ba. Babanki sau ɗaya ya ce min, “Ƙyale ɗiyar ga, ba ta ɗauki na kowa ba.” Na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, na ci gaba da abin da nake yi.

Salamatu, duk inda kika ga mutum yana tausayin abin da ke ba ki ga dalilin tausaya masa ba, ki riƙe bakinki. Ƙila shi ya ga abin da ya wuce ki. Tausayi a zuciyar yaro kamar tsiron gero ne a makon farko, kaza ɗaya ta isa ta tone shi. Naki bai mutu ba, amma ba don na bar shi ba, na yi iya ƙoƙarina in kashe shi.

Maganar garin fara kuwa, tsoro ne ya kai ni, ba zan ɓoye ba. Na ga wuyanki ya yi tsawo, zanenki ya fara zagaye ki sau biyu. Gwaggonki Hajo, ƙanwar babanki, ta zo ta tsaya a tsakar gida ta ce, “Ke kina kallo ɗiya ta bushe? Wadda ba ta da jini wa za shi ɗauka, in an ɗauka mi za ta haihwa?” Maganar ta shige ni. Ba ita ta ce in yi abin da na yi ba, kada ki riƙe ta da shi, dabarar tawa ce ni kaɗai. Ranar da kika tafi ɗebo ruwa na daka fara cikin hannu ɗaya, na tankaɗe da rariya mai laushi, na zuba a miyar kukarki. Na zauna ina kallon ki kina ci. Kika suɗe kwano kika ce, “Inna, miyarki ba nama amma ta hi ta kowa daɗi.”

Kin san abin da na ji a lokacin? Ba kunya ba. Daɗi na ji, irin na wanda ya ci caca. Na ce a raina, ga mai ilimin ƙwari nan tana lashe su ba ta sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi min nauyi yau. Na fara don tsoron lafiyarki, na ci gaba don ina son in fi ki gaskiya. Da lafiyarki ce kawai ta dame ni, da na ja hannunki mun je likita tun ranar, kamar yadda ke da kanki kika je daga baya aka rubuta miki ƙwayar da kike sha. Bayan kin fara shan ƙwayar, kin murmure, kumatu sun dawo, ni ban daina ba.

Kada ki taɓa yaudarar mutum ki ce don amfaninsa kika yi. In kina ganin yana kan kuskure, ki faɗa masa ido da ido, ku yi musu, ku yi fushi in ta kama, ku shirya. Wanda aka yi wa gardama an ɗauke shi mutum. Wanda aka zuba wa abu a kwano a ɓoye an mayar da shi akuyar da ake ɗura wa magani. Za ki zauna da ƴan mata a ɗaki ɗaya, wata rana ki yi miji, wata rana ki yi ƴaƴa. Wannan tunanin zai zo miki da fuskar ƙauna, kamar yadda ya zo min, ki gane shi tun daga nesa.

Yanzu zan ba ki labarin da ban taɓa ba kowa ba, don ki san dalilin da dariyata ta yi ƙarfi haka a gindin darbejiya.

Shekarar da aka yi yunwa, ba a haife ki ba, yayanki Isufu yana goye a bayana. Damina ta tsaya tun gero bai fid da kai ba, rumbuna suka koma wurin kwanan ɓeraye. Maza suka tafi kudu neman abin da za a ci. Mu mata muka koma tonon gidan tururuwa. Ke ba ki ga wannan ba, Allah kada ya nuna miki. Tururuwa tana tara tsabar gero da ƴaƴan ciyawa a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki-ɗaki, kamar yadda muke tara damman gero a rumbu. In ka tona ka sheƙe, kakan sami abin da za ka dama wa yaro kunu.

Kakarki Iya Dije, uwar babanki, ita ta koya min yadda ake yi, don ta ga irin wannan shekara tun tana budurwa. Ta ce ana tonowa ta gefe, ba ta baki ba. A kwashe ɗakunan sama, a bar na ƙasa, a mayar da ƙasa a rufe ramin kafin rana ta yi zafi. Na tambaye ta don me za a bar na ƙasa alhali mu ma yunwa muke ji. Ta ce, “Su sunka yi noma, mu roƙo munka zo. Mai roƙo ba shi share rumbu.”

Kwana biyu ina yi yadda ta ce, don tana kusa. Rana ta uku ƙafarta ta kumbura, na fita ni kaɗai wajen fadama. Na sami wani babban gida, na kwantar da Isufu a inuwar aduwa, na kama tono. Na kwashe na sama, na ga na ƙasa cike, na ce wa zai gan ni, na kwashe shi tas. Ina cikin sheƙewa na ji yaro ya tsanyara ihu. Tururuwa sun hau shi, sun cije masa cinya da wuya. Na kakkaɓe shi, idona ya rufe. Akwai wani wuri a kusa inda makiyaya suka kwana, murhunsu bai mutu ba. Na ɗebo toka mai zafi da garwashi a sakaina, na juye a cikin ramin, na koma na sake ɗebowa.

Na tsaya a kai ina huci, ina jiran in ga sun watse. Ba su watse ba. Cikin tokar suke komawa. Kowace ta shiga sai ta fito da farin ƙwai a baki, ta kai shi gefe ta ajiye, ta juya. Wasu suna shiga ba sa fitowa, wasu suna fitowa a ƙudundune suna jan jiki, ƙwan yana bakinsu ba su saki ba. Ni kuma ga ni tsaye da nawa ɗan a hannu, ina hura masa cizo. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallo ba. Na ɗaure ƙwaryata na dawo gida, muka sha kunun, Iya Dije ta yaba yawansa, ban ce mata komai ba har ta koma ga Allah.

Saboda haka ranar da kika ce min fara tana ji, ba sabon labari kika ba ni ba. Na sani tun kafin a haife ki. Na binne shi ne, don in na bar shi a fili ban san yadda zan fita da buhu gobe ba. Kika zo da yatsanki ƙarami kika nuna daidai wurin. Shi ya sa na yi dariya, shi ya sa na kai ki kasuwa. Ba ke nake son in rufe wa baki ba.

Ban ce tonon laifi ne ba. Da ban tona ba ƙila da Isufu bai kai yau ba, in aka mayar da ni wannan shekara zan sake ɗaukar hauya. Amma ɗakin ƙasa ba yunwa ce ta kwashe shi ba, zari ne. Tokar kuma fushi ne, ga malamai kullum suna faɗa mana ba a azabtar da mai rai da wuta. Ki bambanta waɗannan uku a rayuwarki, buƙata da zari da fushi, don a cikin zuciya muryarsu ɗaya.

Wannan ya shafe ki kai tsaye. Karatun da kika je yi, wata rana za a ba ki magani da injin feshi a ce ga fara ta sauka a gonakinmu na Kurfai, ko tsutsa ta shiga kan gero. Manomi zai tsaya gabanki da ƴaƴa takwas yana kallon bakinki. Kada tausayin ƙwari ya sa ki juya masa baya, shi ma mai rai ne, kuma yunwa na gan ta da idona, ba ta da kyan gani. Amma kada ki yi irin tawa, ki ce tunda dole ce to ba sa ji. Ki yi abin da dole ta sa, daidai gwargwado, ki tsaya a nan. In akwai hanyar kora ba kisa ba, ki fara da ita ko da ta fi wuya. Ki tuna da ƙudan zuma da sauran ƙananan halittu da ba su ci gonar kowa ba. Ranar da kika ji kin yi feshi kina raha, ki ajiye injin ki binciki kanki.

Ki kuma yi hattara da girman kai, don na ga alamarsa a tare da ke, ba zan fasa faɗa ba don yau ni ce mai laifi. Akwai yadda kike ɗauke kai in an wuce da tsire. Mai tsiren nan da mai nono da mai fara, da wannan suke ciyar da gida, kuma da kuɗin fara aka saya miki littafin da kika karanta har kika san ciwon fara. In an miƙo miki abin da ba ki ci, ki yi godiya, ki faɗi dalilinki a taƙaice in an tambaya, kada ki yi wa mutane wa'azi a kan kwanonsu. Ki ci wake da gyaɗa da kopto, wato kwaɗon zogale, ki ƙoshi, kada ki yi wasa da ƙwayarki, in jiri ya dawo ki je likita ba sai an tura ki ba.

Za ki ce me ya sa sai yanzu. Ranar tafiyarki ce ta karya ni. Muna tsaye a tasha, ana ɗaure kaya a kan mota, kika buɗe jaka kika taɓa gwangwanin, kika ce, “A Yamai komi anka ba ni sai na tambayi mi ke ciki. Naki ɗai ne, Inna, nika ci ban tambaya ba.”

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai direba ya buga mota, Hajo tana gefe, mutane suna kallo, na ce, “Allah shi kiyaye hanya.” Na bar ki kika tafi da shi a jaka har Baleyara, har Yamai. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Wannan ma ki ɗauka: magana mai nauyi a faɗe ta tun mutum yana gabanka. Kunyar minti ɗaya na guda, ga shi yau kwana tara ban sami sukuni ba.

Ba zan yi miki alkawarin barin sana'a ba, kada in wanke ƙarya da wata ƙaryar. Na tsufa a cikinta, ban iya wata ba, kuma ni ina cin abin da Allah ya halatta min. Abin da na iya shi na fara. Na daina figa da rai. Na daina barin buhu a rana. Ba na zuba su sai ruwa ya tafasa sosai, don abin ya zo musu da sauri. Matan rumfa sun ce farata ta cika fiffike, wata har ta ce ashe Uwar Ƙwari gado ta yi. Na ce mata a'a, ni na gada a wurinta. Ban sani ba ko wannan ya rage musu wani abu. In malamanku sun san hanyar da ta fi sauƙi, ki tambaya ki gaya min, zan bi.

Tsohon gwangwanin kada ki zubar, waɗanda ke ciki sun riga sun mutu, zubarwa ba za ta tashe su ba. Ki ba wadda take ci, ki gaya mata abin da ke ciki.

Tare da wasiƙar nan akwai ƙulli a farin ƙyalle, yaji ne sabo. Ƙuli-ƙuli, barkono, citta, kanumfari, gishiri. Iyakarsa ke nan. Ban daka shi a turmina ba, don turmin nan shekara talatin yana shan fara, ko an wanke ban yarda da shi ba. Sabo na sa aka sassaƙa min, ƙarami, na ajiye shi a ɗakinki, ba abin da zai shiga cikinsa sai naki.

In kin kasa ci ba zan ji haushi ba, ni na jawo. In kuma za ki ci, ki kira ni tukuna ki tambaye ni me ke ciki, kamar yadda kike tambayar mutanen Yamai. Zai yi min zafi in ji wannan tambaya daga bakinki, amma a nan na ajiye kaina, kuma duk ranar da kika tambaya gaskiya za ki ji. Ina roƙon ki gafara, Auta. Ban sa miki ranar yafewa ba.

Allah ya tsare min ke daga sharrin hanya da na gari, ya ba ki lafiya da basira, ya sa ki fi ni tausayi ki fi ni gaskiya. Ya yafe mana abin da muka yi wa masu baki da marasa bakin kai ƙara. Ya dawo da ke gida lafiya, ya sa in kin zo ki zauna ki ci daga hannuna. Amin.

Mahaifiyarki.